Cin Ramen da Abokai a Japan: Abin da Za Ku Shirya Tun Kafin Ku Shiga Layi

Ramen taliya ce ta Japan da ake ci cikin romo mai zafi. Shagon ramen da ya yi suna a Tokyo ko Osaka ko Fukuoka ba wurin zaman hira ba ne. Galibi ɗan ɗaki ne mai kujeru 8 zuwa 15 a jere gaban doguwar kanta, mai girki yana tsaye a ɗaya ɓangaren cikin tururi, a waje kuma jama'a sun yi layi suna jiran wani ya tashi. Ribar shagon tana cikin yawan mutanen da suka zauna suka tashi a kan kujera ɗaya, don haka wanda ya shiga yakan ci ya fita cikin minti 15 zuwa 20. Idan ku huɗu ne ko biyar kuka fito da niyyar ku ci tare, wannan tsarin ne zai fara kawo muku cikas. Ana jin daɗin fitar sosai, amma sai an shirya mata tun daga masauki.

Ku fara sanin abin da ke cikin kwanon

Wanda ya san taliyar leda irin su Indomie ya san jikar ramen ce kawai. Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar nan mai saurin dahuwa a 1958, alhali an daɗe ana sayar da ramen a shago, tun shagon Rairaiken da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910. Kwanon shago yana da sassa biyar, kuma kowanne da tambayar da za ku yi a kansa.

Taliyar da fulawar alkama ake yi, da gishiri, da ruwa, da wani sinadari da suke kira kansui, wanda aikinsa ya yi kama da na kanwa a girkinmu: shi ke sa ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta yi danƙo a haƙori. Romon kuma da ƙashi ake dafa shi, na alade ko na kaza, ko busasshen kifi da ganyen teku. Sai abin da suke kira tare da Japananci, wani haɗi mai kauri da gishiri da ake zubawa a gindin kwano kafin romo, shi ne ɗanɗanon shagon kuma shi suke ɓoye sirrinsa. Sai mai ko kitsen da ke yawo a sama. Na ƙarshe kayan da ake jerawa a kai: yankan nama da ake kira chashu, dafaffen ƙwai mai ruwa-ruwan gwaiduwa da ake kira ajitama, tohon gora wato menma, busasshen ganyen teku wato nori, da lawashi.

Sunayen da za ku gani a allo yawanci huɗu ne. Shoyu romo ne garai-garai mai ruwan ƙasa wanda aka yi wa ɗanɗano da ruwan waken soya, shi ne na Tokyo na asali. Shio na gishiri ne, mara nauyi, an san garin Hakodate da shi. Miso mai kauri ne na niƙaƙƙen waken soya da ya tsumu, na Sapporo inda ake tsananin sanyi. Tonkotsu kuwa fari ne tas kamar an zuba madara, na yankin Fukuoka, kuma ƙashin alade ne zalla da aka tafasa awanni masu yawa har ɓargo da kitse suka narke suka haɗe da ruwan.

Maganar halal, a gama ta a gida

Nan ne ya kamata mai shirya fitar ya fi ɓata lokaci. Babban kuskuren da baƙi Musulmi ke yi shi ne su ɗauka tonkotsu kaɗai ke da alade, sai su zaɓi shoyu ko shio su ce a cire naman sama, hankalinsu ya kwanta. Abin ya wuce nan. Ukun farko, shoyu da shio da miso, sunan ɗanɗano ne, ba su gaya maka da ƙashin me aka dafa romon ba, kuma shaguna da yawa suna haɗa ƙashin kaza da na alade a tukunya ɗaya. Romon kifi ma sau da yawa gauraya shi ake yi da na dabba. Shi kuma haɗin nan na tare, wasu da ruwan da suka dafa chashu suke haɗa shi, su ƙara mirin da sake, dukansu biyu giyar shinkafa ce ta girki. Ƙwan da kuke ganin ba shi da laifi, a cikin irin wannan ruwan yake kwana. Man da ke saman na iya zama kitsen alade, kuma ɗan fararen gutsattsarin da ke yawo a kan wasu kwanuka, seabura, kitsen bayan alade ne. Gyoza, 'yar fulawar nan mai cushe da ake ci a gefe, da niƙaƙƙen naman alade ake cika ta a kusan ko'ina.

Ko shagon da ya rubuta tori paitan, wato farin romon kaza, akwai sauran tambaya: wa ya yanka kazar, kuma yaya aka yanka ta? A shagon da ba na halal ba, babu mai ba ku wannan tabbacin.

Saboda haka zaɓinku uku ne. Na farko shagon da ke da takardar shaidar halal a manne, daga ƙungiyoyi irin su Japan Halal Association ko Nippon Asia Halal Association. Ayam-Ya da Honolu suna cikin sunayen da Musulmi suka sani da ramen ɗin kaza na halal, kuma irin waɗannan shagunan sun fi karɓar rukuni, wasu har da ɗan wurin salla. Na biyu shagon da ba ya amfani da nama ko kaɗan, kamar T's Tantan da ke cikin tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, sai dai rashin nama ba ya nufin rashin mirin, dole a tambaya. Na uku shagon da ya rubuta cewa babu alade kawai. Wannan shi ne mafi rauni, domin bai ce komai a kan yanka ko giya ba.

Akwai kuma ɗan abin maye da ke samuwa da kansa yayin da ruwan waken soya da miso suke tsumuwa. Malamai sun yi bayanai mabambanta a kai, don haka kowa ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya, kada a tsaya ana gardamar fiƙihu a bakin ƙofar mutane da yunwa a ciki.

Ku riƙe waɗannan rubuce-rubucen a waya: 豚 alade, 豚骨 tonkotsu, ラード kitsen alade, 酒 giya, みりん mirin, 鶏 kaza. Tambayar da ake yi ita ce "Buta wa haitte imasu ka?", wato akwai alade a ciki? Ku nuna kwanon miya a hoto ku ƙara da "Suupu ni mo?", har a romon ma? Idan ma'aikacin ya yi jim, ya karkata kai ya ce "chotto", ku ɗauka yana gaya muku cikin ladabi cewa abincin bai dace da ku ba, ku yi godiya ku wuce.

Idan a cikinku akwai waɗanda ba Musulmi ba, abokan karatu ko abokan kasuwanci 'yan Japan, a gaya musu tun da wuri. Yawancinsu ba su san mirin matsala ba ne, kuma suna jin nauyi ƙwarai idan suka kai baƙo inda ba zai iya ci ba. A wannan zaman ne kuma za a tambayi wanda jikinsa ba ya karɓar alkama, ƙwai, waken soya, riɗi, gyaɗa ko jatan lande. Wani nau'in ramen mai suna tantanmen, alal misali, da niƙaƙƙen riɗi ake yi, wani lokaci da gyaɗa.

Mutum nawa, ƙarfe nawa

Biyu ko uku su ne daidai. Huɗu za a iya, in kun yarda a raba ku. Daga biyar zuwa sama, ku nemi shago mai tebura, irin manyan rassan Ippudo ga wanda ba shi da damuwar alade, ko shagunan halal da aka ambata, ko ku kasu gida biyu ku shiga shaguna biyu da ke kusa da juna. Ichiran, wanda baƙi suka fi sani, tonkotsu yake sayarwa, kuma kowa a ɗan akurkinsa yake zama da katanga dama da hagu. Ko ba don alade ba, ba nan ake kai abokai ba.

Wajen zaɓe, 'yan ƙasar sun fi dogara da Tabelog, shafin intanet da ake ba wuraren cin abinci maki. Masu ba da maki a can ba su da sakin hannu, shagon da ya kai 3.5 cikin 5 ya riga ya yi fice, kada ku raina shi. Ku duba ranar hutun shagon da awanninsa a ranar da za ku fita, domin ƙananan shaguna sukan rufe rana ɗaya a mako, da yawa kuma suna rufewa tsakanin wajen ƙarfe 3 zuwa 5 ko 6 na yamma. Wasu da zarar romon ranar ya ƙare sai su rataye allo su kulle, ko da lokaci bai yi ba.

Cunkoso ya fi yawa daga 11:30 zuwa 1:30 na rana, lokacin da ma'aikatan ofis ke fitowa. Dabarar rukuni ita ce ku isa minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe. Masu shiga zagayen farko suna tarar da kujeru duka babu kowa, nan ne kaɗai kuke da tabbacin zama a jere. In hakan bai yiwu ba, bayan ƙarfe 2 ya fi sauƙi. Wasu fitattun shaguna suna raba katin lamba da safe su ce a dawo a wani lokaci, wasu kuma sai an kama wuri ta intanet.

Ku lissafa salla a ciki. Layin awa ɗaya na iya cinye muku la'asar a lokacin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa a Tokyo wajen 4:30. Akwai masallacin As-Salaam a Okachimachi, akwai babban masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara.

Kuɗi da na'urar tikiti

A shaguna da yawa tikitin abinci ake saya a na'ura kafin a ci. Kwano ɗaya yakan kama daga yen (kuɗin Japan) 900 zuwa 1,300, na halal kan ɗan ɗara haka. Ƙwai ko ƙarin taliya yen 100 zuwa 200. Kowa ya riƙe aƙalla takardun yen 1,000 guda biyu da 'yan sulalla. Shaguna da yawa ba sa karɓar kati, kuma tsofaffin na'urori ba sa haɗiye takardar 5,000 ko 10,000. Ga wata matsala sabuwa: Japan ta fitar da sababbin takardun kuɗi a watan Yulin 2024, sabon sulen 500 kuma tun 2021, har yanzu akwai na'urorin da ke tofo su. In haka ta faru, ku ɗaga kuɗin ku ce "Ryougae onegai shimasu", za a canza muku.

Na'urar tana bakin ƙofa. Kuɗi ake fara sawa, sannan maɓallai su kama wuta, sannan a danna. Mai dannawa kafin ya sa kuɗi zai ɗauka ta lalace. Maɓallin da ke can sama ta hagu yawanci shi ne abincin da shagon ke alfahari da shi. Wanda aka yi wa alamar X ko aka rubuta 売切 ya ƙare. 特製 yana nufin kwano mai cikakkun kayan sama, 大盛 babban kwano ne. Bayan tikiti ya faɗo, akwai maɓalli ko ɗan mariƙi na canji, kada a manta da shi.

A yanke shawarar abin da kowa zai ci tun kuna layi, ta hanyar duba hotuna a waya. Mutum huɗu a gaban na'ura suna shawara da fassara, wannan ne ke sa na baya su fara tsaki a zuci. Idan ɗayanku ne zai ɗauki nauyin kowa, kamar yadda muka saba, shi kaɗai ya tsaya gaban na'urar, ya saya bi da bi, ya miƙa wa kowa tikitinsa a hannu. Babu jayayyar waye zai biya a ƙarshe, tun da an riga an biya.

Ƙa'idar layi

Ku karanta allon ƙofa, ko ku dubi hannun waɗanda ke layi. In suna riƙe da tikiti, to shagon na masu cewa a saya tukun a shiga layi ne. In ba sa riƙe da komai, ku bi bayansu, ma'aikaci zai kira ku saye idan kun matso.

Ƙa'ida mafi tsanani ita ce ba a kama wa wani layi. Mutum ɗaya ya tsaya, can an kusa shiga uku su ɓullo su shige gabansa, wannan suna kiransa daihyou machi, kuma shaguna da yawa sun hana shi a rubuce. Ana iya mayar da ku duka baya. Ku haɗu a tashar jirgi, sai kun cika sannan ku shiga layi. Wanda ya makara, ya bi baya shi kaɗai. A layin a sassauta murya, a tsaya a kan alamar da aka zana, kada a tare ƙofar maƙwabta, domin ƙorafin maƙwabta babbar barazana ce ga ƙaramin shago. Nan ne kuma wurin hirarku, ku yi ta a hankali.

Ma'aikaci zai fito ya tambayi yawanku: "Nanmei sama desu ka?" Ku nuna da yatsu. In kun yarda a raba ku, ku ce "Betsu betsu de daijoubu desu", za ku shiga da wuri. In kun dage sai tare, ku ce "Issho ni onegai shimasu", amma ku sani za a riƙa shigar da na bayanku har sai kujeru sun samu a jere.

A kan kanta

Jaka a kwandon da ke ƙarƙashin kujera ko a ƙugiyar bango. Manyan akwatunan tafiya a bar su a ma'ajiyar tasha. Ku ɗora tikiti a saman kanta. Ruwan sha kyauta ne, kowa ke zuba wa kansa. Kowane mai kujera sai ya sayi kwanonsa, ba a sayen biyu a ci mutum uku.

Abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Turare mai ƙarfi, irin su oud da humra, a rage shi a wannan ranar, domin ɗakin ƙarami ne kuma ƙamshin romo rabin abincin ne, wasu shagunan har roƙo suke rubutawa a kan haka. Sai tufafi: hannun babbar riga da bakin mayafi suna shiga kwano a irin wannan matsatsin. A naɗe, a soke, a nemi ƙyallen takarda na rufe ƙirji da cewa "Kami epuron kudasai". Ɗigon man ramen ba ya fita da sauƙi a farar shadda.

Wasu shagunan za su tambayi yadda kuke so. Kalmar da za ta fitar da ku a ko'ina ita ce "futsuu", wato daidai wa daida. Katame taliya ce mai ɗan tauri, yawarakame mai laushi. Koime ɗanɗano mai ƙarfi, usume mai sauƙi. A zuwan farko ku ce futsuu a komai, don ku ji abin da mai shagon ya nufa. Wanda ke cin abinci a hankali ya zaɓi katame, saboda taliyar tana ci gaba da dahuwa a cikin kwano.

Yadda ake ci

Wanda aka fara ajiye wa nasa ya ce "Itadakimasu", ya yi bisimilla, ya fara. Kada ya jira sauran. A wani abincin jira ladabi ne, a ramen kuwa asara ce: cikin 'yan mintuna taliya take shan romo ta kumbura ta saki, kitsen sama ya fara daskarewa. Hoto ɗaya na kwanonka ya isa, ba a ɗaukar fuskar mai girki ko ta sauran masu ci sai da izini.

Fara da kurɓar romo da cokalin nan mai zurfi, renge, kafin ka ƙara komai. Sannan ka ɗebo taliya kaɗan da tsinkaye biyun nan da suke cin abinci da su, silli biyar ko shida, ka sunkuya kusa da kwano ka zuƙe ta tare da iska. Ƙarar zuƙar ba abin kunya ba ce a can, iskar ce ke sanyaya taliyar ta kai ƙamshin hanci. Wanda bai iya ba, ya tara taliyar a cokali ya kai baki. Wanda tsinkaye suka gagara ya nemi cokali mai yatsu: "Fooku arimasu ka?" Romon da zafinsa yake zuwa, kuma man da ke sama yana rufe tururi, sai ka ga kamar ya huce alhali zai ƙona harshe.

Tafarnuwa, barkono, riɗi da ruwan tsami da ke kan kanta, a bari sai an ci rabi, sannan a sa kaɗan-kaɗan. Mu masu son yaji mukan yi gaggawa a nan, mu juye barkono mu kashe ɗanɗanon da aka kwana ana dafawa. Abubuwa biyu ba a yi da tsinkaye: ba a soke su a tsaye cikin abinci, ba a kuma miƙa wa aboki nama daga tsinke zuwa tsinke. Dukansu suna da alaƙa da al'adun jana'iza a Japan. In kana so abokinka ya ɗanɗana, ka ajiye masa a cokalinsa.

A shagunan da ke da siririyar taliya akwai kaedama, ƙarin taliya da ake juye maka cikin romon da ya rage. Ka nema tun da sauran loma biyu ko uku, kuma ka bar romo fiye da rabi, in ba haka ba za ka ci ta a bushe. Idan tsukemen ka saya, wanda taliya ke kwano ɗaya romo mai kauri a wani, tsomawa ake yi, ba a juye romon a kai. A ƙarshe ka ce "Suupu wari kudasai", a tsinka maka sauran da ruwan romo ka sha.

Ba dole ba ne a shanye romo. Kwano ɗaya da romonsa yakan haura giram 5 na gishiri, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini guda. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya ci taliya da kayan sama, ya bar ruwan. Abin da ba a so shi ne barin taliya da yawa, don haka kada a danna babban kwano don ganin ido.

Tashi

Wanda ya gama ya tashi ya jira a waje, nesa kaɗan da ƙofa, ko da abokansa ba su gama ba. Zama a kan kujera ana danna waya alhali mutane na tsaye a sanyi shi ne abin da masu shago suka fi ƙi. In kun ga wasu suna ɗora kwanonsu a saman kanta suna goge wurin da tsumman da aka ajiye, ku yi haka. Ku ce "Gochisousama deshita" da murya a ji, wannan ita ce godiyar da mai girki ke jira. Ba a barin kuɗin goro, in kun bari za a biyo ku da shi har titi.

Tun kafin ku shiga ku ayyana inda za ku haɗu, kamar ƙofar wani kanti ko lambar mafitar tasha, domin manyan tashoshi irin Shinjuku suna da mafita barkatai kuma cikin sauƙi ake ɓacewa juna. Doguwar hira a kai ta gidan shayi ko kofi da ke kusa, inda za ku zauna awa guda babu mai kallon kujerarku. In da dare kuka fita, ku duba lokacin jirgin ƙarshe na kowa, wanda a Tokyo yakan tashi wajen ƙarfe 12, domin tasi daga tsakiyar gari zuwa unguwannin waje na iya cin kuɗin kwano goma.